Neman shawara: makarantar masallacin unguwa ko ta gwamnati, ina zan kai yarana?

Maman Uku:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa mini gaskiya ko da ba daɗi. Mijina ya rasu ya bar ni da yara uku, ɗinki nake yi a ƙofar ɗaki. Muna zaune a irin unguwannin nan na gefen birni da ake gina ɗaki a jikin ɗaki, ba titi, ba magudanar ruwa. Babbar mace ce, shekararta 11, tana aji biyar. Na biyu namiji, shekara 8. Autan bai isa shiga ba.

Su biyun suna makarantar gwamnati. Ba a biyan kuɗi, amma akwai nisa, aji ya cika har wasu a ƙasa suke zama, kuma namijin har yanzu bai iya haɗa baƙi ba. To sai kwamitin masallacinmu ya buɗe makaranta, da safe boko, da yamma karatun addini, malaman duk 'ya'yan unguwa ne da muka san iyayensu. Kuɗin ba yawa, sai dai abin da nake samu na yaro ɗaya kawai zai ɗauka. Na tambayi shugaban batun rajista da hukumar ilimi, ya ce tana hanya. Shin irin wannan makaranta tana fitar da yaro daga talauci da gaske, ko tarbiyya kawai ake samu? In kuma ɗaya zan sa, wa zan sa?

Tsohon Hedimasta:
Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya marayu. 'Yata, kada ki cire kowa tukuna. Maganar "rajista tana hanya" na ji ta sau ba adadi, wata ta iso, wata har aka rufe makarantar ba ta iso ba. Ki koma ki yi masa tambaya ɗaya: idan yara suka gama firamare, a ina za su zauna jarrabawa, kuma sunan wace makaranta zai fito a takardarsu? In ya fara kame-kame, kin sami amsa.

Sannan ki je ba tare da kin sanar ba, da hantsi, ba ranar da suka sa miki ba. Ki leƙa kowane aji ki ga ko akwai malami a tsaye ko yara ne ke tsaron junansu. Ki roƙi a ba ki littafin rubutun wani yaro, ki buɗa shi daga baya: akwai jan biro? Kwanan watan ƙarshe da aka duba aiki yaushe ne? Ki tafi da wata takarda daga gida, ko ta magani ce, ki miƙa wa ɗan aji uku ya karanta. Kada ki yarda ya karanta daga littafinsu, domin yaran makarantun addini akwai hadda, za su rera miki shafi guda ba su gane harafi ɗaya ba. Wannan gwajin ki yi shi a makarantar gwamnatin ma. A 2019 Bankin Duniya ya ce yara 53 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki suna kai shekara 10 ba su iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta ba, kuma akasarinsu suna zuwa makaranta. Ɗanki ba daƙiƙi ba ne, ba a koya masa ba ne.

Abban Sadik:
Hajiya, a kan tambayarki ta farko, eh tana fitarwa, amma da sharaɗi. A 1955 wani limamin Katolika, José María Vélaz, ya fara makaranta a unguwar talakawa a Karakas, babban birnin Banizuwela, a gidan da wani magini mai suna Abraham Reyes da matarsa suka bayar. Sunan tafiyar Fe y Alegría, kuma kirarinta shi ne tana farawa daga inda kwalta ta ƙare. Yau tana ƙasashe sama da 20, har da Cadi. Abin da ya raya ta shi ne ba ta tsaya ita kaɗai ba: a ƙasashe da dama gwamnati ce ke biyan albashin malamai, manhajar ƙasa ake koyarwa, su kuma suna riƙe da gudanarwa da tarbiyya.

A ɓangarenmu kuma ga Indonesiya. Ƙungiyar Muhammadiyya, wadda Ahmad Dahlan ya kafa a 1912, tun farko ta haɗa karatun addini da na zamani, yanzu makarantunta dubbai ne, har da jami'o'i. A 1975 ministoci uku na ƙasar suka sa hannu a kan cewa madarasar da ta ba darussan zamani kashi 70, na addini kashi 30, takardarta daidai take da ta kowace makaranta. Daga nan ɗan madarasa ya sami damar wucewa gaba. Addini yana kawo amana, yana sa iyaye su saki jiki, yana sa malami ya ji kunyar fashi. Amma mai ɗaukar aiki takarda da iyawa yake tambaya.

Mai Faɗin Gaskiya:
Abban Sadik, ka kawo waɗanda suka yi nasara, waɗanda suka mutu a hanya ba wanda ya rubuta tarihinsu. Kuma a lura, iyayen da ke matse bakin aljihu su biya kuɗi su ne dama masu bibiyar karatun 'ya'yansu, don haka in yaran sun yi fice ba lallai makarantar ce ta yi aikin ba. Ni damuwata albashi. Malamin da ake ba wa ɗan abin da bai kai ya kawo ba, a ce masa sauran lada ne, ranar da ya sami wani aiki ya tafi. Hajiya ki tambaya malamai nawa suka bari tun buɗewa, kuma waye ke biyan haya. In attajiri ɗaya ne ke riƙe da ita, ranar da kasuwa ta juya masa baya ta rufe. Ki kuma tambaya wa ake kai wa ƙara idan malami ya yi wa yaro dukan kawo wuƙa, don a irin wuraren nan kunyar malamai tana sa a binne abubuwa da yawa.

Anti Nas:
Ni dai macen za ki sa, ƙanwata. A unguwa irin taku yarinya ce ke fara faɗuwa daga makaranta da zarar ta fara girma, saboda nisan hanya da rashin banɗaki mai ƙofa. A Bangaladash daga 1994 gwamnati ta riƙa ba 'yan matan sakandare na karkara tallafi, har da na madarasun da ke da rajista, iyayen da ba za su taɓa tura 'ya makarantar boko ba suka tura ta madarasa, har mata suka kamo maza a yawan shiga sakandare. Kusa da gida, a hannun mutanen da kika sani, ba ƙaramin abu ba ne ga 'ya mace.

Tsohon Hedimasta:
Anti Nas, maganarki gaskiya ce, amma ki dubi abin da kika faɗa da bakinki: madarasun da ke da rajista. Yarinyar nan shekara ɗaya da 'yan kai ta rage mata, sunanta yana cikin kundin makarantar da hukuma ta sani. A cire ta yanzu a kai ta inda ba a tabbatar da jarrabawa ba, an yi ba a yi ba ke nan. Namijin ne ke cikin gaggawa. Yaron da ya wuce aji uku bai iya karatu ba, kowane darasi na gaba wuce shi yake yi, ga shi kuma yana da shekarun da za a jira rajistar, in ba ta zo ba a mayar da shi. Macen ta ci gaba inda take, ta riƙa zuwa na yamma.

Anti Nas:
Baba, na karɓi wannan, amma a nema mata abokan tafiya, kada ta riƙa bin hanyar nan ita kaɗai.

Injiniyan Gareji:
Ƙarin bayani kaɗan. Ki tambaye su me suka tanada bayan firamare. Wani limamin Katolika mai suna Don Bosco a Turin ta Italiya ya gane wa'azi kaɗai ba zai riƙe yaran titi ba, a 1853 ya buɗe musu wurin koyon ɗinki da haɗa takalmi, har yarjejeniya a rubuce yake yi da iyayen gidansu don kada a ci gumin yaran. Kwamitin masallaci akwai kafinta, akwai makaniki, akwai mai gyaran waya a cikin sahu. In suna da niyya, haɗa yaro da mai sana'a ba zai gagare su ba. Sannan kada ki ji nauyin faɗa musu marayu ne. Makarantar da aka gina da sadaka da zakka, maraya yana da haƙƙi a cikinta, ki nemi ragi kai tsaye.

Maman Uku:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na je yau kamar yadda Baba ya ce. Aji huɗu ne, uku da malami, ɗaya an ce ya je asibiti. Na ba yara biyu 'yan aji uku takardar awon ɗinki da na rubuta da hannuna, ɗaya ta karanta tsaf, ɗayan ya yi rabi ya tsaya. Jarrabawa kuma shugaban ya ce za su kai yara su zauna a wata makaranta mai rajista. Batun ragi ya ce in rubuto takarda kwamiti ya zauna. Baba, wannan na zama a wata makarantar ya halatta?

Tsohon Hedimasta:
Ana yi, wani wuri da izinin hukuma, wani wuri ta bayan fage, kuma na biyun ne ke jawo a riƙe sakamakon yara. Ki karɓi sunan makarantar, ki je ofishin ilimi na yankinku ki tambaya ko sun san da wannan tsari. Takardar neman ragin kuma ki yi ta kwafi biyu, a sa hannu a ɗaya ki ajiye.