Me za mu kira ƙarar da salula ke sakawa cikin ɗaukar sauti?

Mai Miksa, Tudun Wada: Salamu alaikum malamai. Ana shirya takardar koyar da yara masu ɗaukar tafsiri da walima, an zo kan ƙarar nan ta "dit-dit-dit, zzz" da ke fita a lasifika gab da kira zai shigo. Bature ya ce intafiyarans. Mu fa? A wurin aiki "waya ta shiga" kawai ake cewa.

Injiniyan Kawo: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin suna a san abin. Layin 2G, wato GSM ɗin da ya shigo Najeriya a 2001, ba ya aika saƙo a miƙe. Wayoyi 8 ne ke karɓa-karɓa a tasha ɗaya, kowace ta harba nata ta yi shiru, sau 217 a daƙiƙa guda. Kunne ba ya jin igiyar rediyon kanta, amma wannan kunnawa da kashewar yana jin ta sarai. Kebul ɗin makirufo ya zame mata eriya, taransistan farko na amfilifaya ya mai da ita sauti, ya kuma ƙara mata ƙarfi tare da muryar malam. Ƙarar na riga ringin ne domin wayar tana amsa wa turken sabis tukuna. Inda sabis ya yi rauni, kamar cikin ɗakin taro mai kankare, sai ta ƙara ƙarfin harbi har wat 2. Shi ya sa ƙarar ta fi muni a can. Ni katsalandan na zaɓa.

Malama Mai Fassara, Unguwar Rimi: Injiniya, katsalandan ta dace da ma'ana, sai dai 'yan labarai sun ba siyasa ita. Kutse kuma masu satar Facebook sun riga mu. "Shigar waya" na da aibi ɗaya: waya ai har kebul ne. Ka ce wa yaro waya ta shiga, ya tafi duba jak, wato kan kebul da ake sokawa a na'ura.

Mai Gyaran Amfilifaya, Kasuwar Barci: Gaskiyarki Malama. Kuma a raba ta da 'yan uwanta, domin maganinsu daban. Ƙugi mai kauri da ba ya yankewa na wutar NEPA ne ko janareto, mai bugu 50 a daƙiƙa, galibi daga rashin atin (wayar da ake haɗawa da ƙasa) ko jona kaya a soket daban-daban. "Shuuu" kuwa an ƙure gen ne, wato maɓallin ƙara ƙarfin sautin da ke shiga miksa. Ta salula ita kaɗai ke zuwa a tsinke, kamar kukan gyare. Sa waya a sailent ba ya hana komai, tana nan tana harbi. A danna alamar jirgin sama ko a kashe. In ba hali, a nisanta ta da kebul da miksa aƙalla mita 2, kada a ajiye ta kan tebur kusa da makirufo. A bar siririn jak na milimita 3.5 a koma XLR mai ƙafa 3, wanda ragarsa ke haɗe da gangar filogi da kyau. Baƙin ƙullin nan na jikin cajar kwamfuta, ferayit, a maƙala irinsa daf da inda kebul ya shiga na'ura.

Injiniyan Kawo: Kuma kada a ce sai an zo tacewa. Ba mai bugu 217 a daƙiƙa kaɗai ba ce, akwai 434 da 651 har sama, duk a tsakiyar muryar mutum. Ka yanke su, ka yanke malam. Wayar 4G ma kan sauka 2G in za a yi kira, sai kukan gyaren ya dawo.

Malama Mai Fassara: To a takarda a rubuta "shigar salula", a lasifika abin da ake ji "kukan gyare". Katsalandan ta zauna ga babban babin, har da na tashar FM da na janareto.

Mai Miksa: An rubuta haka. Saura "gen", ita ma tana jiran suna.