Autana yana ci amma kullum ramewa yake yi, ku ba ni shawara

Maman Uku: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina jin nauyin rubuta wannan, amma abin ya ishe ni. 'Ya'yana uku: babbar shekara 7, mai bi mata 4, sai auta mai wata 14. Tun da aikin babansu ya tsaya samu ya ragu sosai, nama da madarar gwangwani sai dai mu gani a hannun mutane. Ba sa kwana da yunwa, alhamdulillahi, amma abincin kala ɗaya ne, hatsi da rana hatsi da dare, da safe kuma shayi da biskit. Auta ne ya fi ɗaga mini hankali. A wata biyun nan sau uku yana gudawa, da ya fara murmurewa sai ta dawo. Jiya ina masa wanka na kama damtsensa, yatsuna biyu suka zagaye shi har da saura. Me zan yi da ɗan abin da ke hannuna?

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Sannu 'yar uwa, babu abin kunya a nan. Aikin jinya nake yi, kuma maganar damtsen nan ce ta tsaya mini a rai. Gobe ki kai shi asibiti mafi kusa a auna kaurin damtsensa da tef ɗin nan mai launi uku. Idan awon ya gaza santimita 11.5, wato ya faɗa ja, tamowa ce mai tsanani, sai da kulawar asibiti. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 yana kan gaɓa. Ki kuma danna bayan ƙafafunsa da babban yatsa na daƙiƙa 3. In wurin ya lotsa a ƙafa biyun, alamar kumburin tamowa ce, kada ki jira gobe ma.

Gudawar ce ke kwashe abin da kike ba shi, ramar kuma ita ke sa gudawar ta yi saurin kama shi. Duk ranar da ta dawo, ki haɗa masa ORS, wato ruwan gishiri da sukari, ki ba shi ƙwayar maganin zinc miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, ko da ta tsaya a kwana na biyu. A nan iyaye da yawa ke sakin layi. Kada ki rage masa abinci, kada ki yaye shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye.

Maman 'Yan Biyu: Ni dai maganin ƙara cin abinci na saya wa nawa, irin na kwalba. Ki gwada.

Anti Nas: A'a Maman 'Yan Biyu, ta ce yana ci ai. Kuɗin kwalbar nan gara ta sayi ƙwai da shi.

Kakar Yara: 'Yata, ni na raini 'ya'ya da jikoki cikin babu, bari in faɗa miki abin da na gani. Yawancinmu ruwa muke ɗura wa yaro da sunan abinci. Cikinsa ɗan mitsitsi ne, in kika cika shi da tsararo ya ƙoshi bai ci komai ba. Abin da kike dama masa ya yi kauri yadda in kika karkata cokali ba zai tsiyaye ba. Ki soya gyaɗa ko waken soya, ki niƙa, ki ajiye a kwalba mai murfi, kullum ki zuba cokali ɗaya ko biyu da ɗan mai. Wake ki dafa shi ya yi lugub ki murƙushe. Ƙananan busassun kifi, ki daka su har da ƙayar su zama gari, ba mai gane suna ciki. Ganye kore, kabewa, karas, duk wanda ya fi araha a lokacinsa.

Sannan ki ware masa kwanonsa. Yaro mai wata 14 ba zai iya kokawar kwano da mai shekara 7 ba, kafin ya kai loma biyu sun sheƙe. Ki zauna da shi, sau 3 ko 4 a rana, da ɗan abin taɓawa a tsakani.

Shayin nan kuwa ki janye shi. Yana hana jiki zuƙar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da ke cikin abinci, shi ne za ki ga yaro ya ɗashe. Lemon zaƙi ko gwaiba bayan cin wake ya fi masa.

Baban Ɗalibai: Iyaye mata sun gama da abinci, ni ta ruwa zan yi. A gidana sai da muka gane randar ce matsalar: kowa ya zo ya tsoma kofin da ya ɗauko daga ƙasa. Muka koma jarka mai ƙaramin baki, ana tsiyayowa ba a tsomawa. Ruwan auta ki tafasa shi ya yi minti 1 yana ɓararraka. Sabulu kuma na yanka shi gida huɗu, na rataye guda a raga kusa da ban ɗaki don kada ya narke a ruwa. A wanke hannu bayan ban ɗaki, bayan an yi wa yaro tsarki, kafin girki da kafin ci, kamar daƙiƙa 20. Hannun autan ma a wanke, shi ne mai rarrafe yana sa komai a baki. Kashinsa a zuba a masai, mutane na raina shi alhali yana ɗauke da cuta kamar na babba.

Anti Nas: Ƙari kan na Baban Ɗalibai: dafaffen abincin da ya wuce awa 2 a ajiye, a sake ɗumama shi ya yi zafi sosai kafin a ba yaro. In kin je asibitin ki tafi da katinsa, ki tambayi bitamin A da maganin tsutsar ciki, tunda ya haura shekara 1. Manyan biyun ma a ba su na tsutsar.

Maman Uku: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun je da safe, tef ɗin ya nuna 12, ba kumburi, sun ce in dawo da shi bayan mako biyu. Na soya gyaɗar yanzu tana shan iska. Kaka, yau na ware masa kwano, ashe yaron nan yana cin abinci haka! Saura rigimar shayi da babbar, tun ɗazu take kumbura baki.