Neman kalmar Hausa: me za mu kira "économie de partage"?

Mai fassara, Yamai:
Salamu alaikum malamai. Ana shirya shirin rediyo kan abin da Faransawa ke kira économie de partage: mutum na da mota ko ɗaki ko inji da ke zaune ba aiki, wani ya mora na ɗan lokaci ya biya. Misalan da ake kawowa kamfanoni ne da ke haɗa mai kaya da mai buƙata ta intanet: Airbnb na hayar ɗakin kwana da aka kafa a Amurka a 2008, da Uber na ɗaukar fasinja a mota da aka kafa a 2009, da BlaBlaCar na Faransa mai haɗa direba da abokan tafiya. Kalmomi uku ke hannuna: tattalin arzikin rabawa, na tarayya, na aro. Wacce manomin albasa na Galmi zai ji ya gane ba sai an yi masa bayani ba?

Malamin Hausa, Yamai:
Wa alaikumus salam. A cire "rabawa". Abin da aka raba ya tafi ke nan, gado ne ko naman watanda, ba mai maido da kasonsa. "Tarayya" na nufin kayan na kowa ne, alhali a nan sau da yawa mai shi ɗaya ne, ga shi kunne ya saba jin ta a "gwamnatin tarayya" ta Najeriya. "Aro" ya fi kusa tunda ana mayarwa, sai dai da kuɗi ya shiga sunansa haya.

Hajiya mai bin ƙungiyoyin mata, Tawa:
Malam, ni "karɓa-karɓa" nake ba da shawara. Duk wadda ta taɓa zubin adashe ta san ma'anarta: yau ke, gobe wata, kuma sai kin cika naki alkawari zagayen zai kai ƙarshe. Makiyaya ma na da habbanaye, a ba mutum karsana, ƴaƴan da ta haifa su zama nasa, uwar ta koma gun mai ita. Game da ɗorewa kuwa, a dubi ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara da su a jihar Maraɗi a 1991. Abin da ke riƙe irin waɗannan ƙungiyoyi doka ce: zubi kowane mako, tarar makara, akwati mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban, kuma ba a buɗe shi sai a gaban kowa.

Makanike, Tawa:
Hajiya ta yi daidai. Ga inda abin ke mutuwa in kaya ne ba kuɗi ba. A ce manoma 5 na karɓa-karɓar injin ban ruwa ɗaya a fadama. Ƙaramin injin fetur irin Honda GX160 yana ɗaukar baƙin mai wajen lita 0,6, ana juye na farko bayan awa 20, daga nan kowace awa 100. In kowa na ƙirga kwanansa ne kawai, ba mai sanin awa nawa injin ya yi, man ya yi baƙi ya tsinke, zoben fistan ya cinye, hayaƙi ya fara. Na biyu, mai sauri ya tada inji bai cika tukunyar famfo da ruwa ba, sil ɗin da ke tare ruwa kar ya zuba ya yi zafi ya ƙone, sai yoyo, kuma a hannun na bayansa laifin zai bayyana. Na uku, bakin tiyon zuƙa ba rariya, yashi da tsakuwa su ci farfela. Ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska.

Maganinsa littafi guda da ke bin injin. A rubuta awar tashi da ta kashewa, a duba mai a gaban mai bayarwa da mai karɓa, kowa ya sa fetur ɗinsa, sannan kowace awa a jefa wani abu a asusun gyara. Ko sefa 100 ce, awa 100 ta tara jika 10 kafin lokacin juye mai ya zo. Mutum ɗaya tak ke da izinin kwance injin.

Malamar tattalin arziki, Yamai:
Ina goyon bayan kalmar "karɓa-karɓa", amma a yi hattara wajen haɗa misalan nan uku. A BlaBlaCar direba tafiyarsa zai yi dama, fasinja na taimaka masa da kuɗin mai ne. A Uber kuwa da yawa sun sayi mota ko sun ci bashinta don aikin, kamfani na cire kasonsa a kowace tafiya, gyara da mai na wuyan direba. Wannan kusan tsarin kabu-kabu ne, inda mai babur ke jiran kuɗinsa kowace yamma. Airbnb ma da ya bunƙasa, mutane suka koma sayen gidaje don baƙi, har Paris ta ƙayyade kwanakin da mutum zai ba da gidan da yake zaune a shekara. Manoma 5 sun san juna, kunya na tsare injin. In sun kai 50 sai an sa jingina, da mai tsayawa mutum, da rubutacciyar yarjejeniya kan wanda zai biya in abu ya lalace.

Mai fassara, Yamai:
Na gode ƙwarai. To a shirin za mu ce "tattalin arzikin karɓa-karɓa" in kaya ne da ke akwai ake mora bi da bi, irin su Uber kuma "haya ta wayar salula".

Malamin Hausa, Yamai:
Madalla. Sai dai mai gabatarwa ya faɗe ta cikakkiya a karon farko, "karɓa-karɓar kayan aiki", don masu jin labaran Najeriya kar hankalinsu ya tafi ga mulkin karɓa-karɓa.