Daga wane littafi ya kamata in fara karanta Maurice Blanchot?

Ɗalibar Adabi:
Assalamu alaikum. Malaminmu yakan ambaci Maurice Blanchot, marubucin Faransa da ya rayu daga 1907 zuwa 2003, duk lokacin da ake maganar dangantakar rubutu da mutuwa. Na ari *Thomas l'obscur* na karanta shafuka kaɗan, sai na ji kamar ina tafiya cikin hazo, domin ban sami zaren labarin da zan riƙe ba. Ina roƙon waɗanda suka riga ni su nuna mini ƙofa: ƙagaggun labaransa ne suka fi dacewa da mai farawa, ko kuwa littattafansa na nazari?

Dattijon Damagaram:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kin shiga ta ƙofar da ta fi ƙunci, domin littafin da kika ɗauka shi kansa marubucin bai bar shi yadda ya fito a 1941 ba, sai da ya rage shi ƙwarai ya sake fitar da shi a 1950. Shawarata ita ce ki fara da *L'Instant de ma mort* na 1994, wanda bai wuce 'yan shafuka ba. Labarin wani saurayi ne da sojojin Jamus suka tsayar a gaban gidansu a 1944 za su harbe shi, ya kuɓuta, amma ya ci gaba da rayuwa kamar wanda mutuwa ke bin sa bashi, kuma abin ya faru da Blanchot ɗin da kansa. Daga nan ki wuce *L'Arrêt de mort* na 1948. Tunda kina jin Faransanci, za ki lura cewa sunan yana da fuska biyu, hukuncin kisa da kuma dakatar da mutuwa, kuma a kan wannan harshen damo aka gina littafin gaba ɗaya.

Mai Nazari:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, amma ni ina ganin nazarin ya kamata ya zo da farko, saboda a can ne Blanchot yake faɗin abin da labaransa suke ɓoyewa. Idan kin taɓa karanta Kafka, marubucin nan ɗan birnin Prague da ya yi rubutu da Jamusanci, ki nemi maƙalun Blanchot a kansa cikin *La Part du feu* na 1949. Sannan ki buɗe *L'Espace littéraire* na 1955, ki tafi kai tsaye babin da ya yi magana a kan waiwayen Orphée, wanda marubucin ya nuna cewa shi ne cibiyar littafin. A tatsuniyar Girkawa, Orphée mawaƙi ne da ya sauka lahira don ya dawo da matarsa, aka gindaya masa sharaɗin kada ya waiwaya, ya waiwaya ya rasa ta. A wurin Blanchot haka marubuci yake da abin da yake nema ya rubuta. *L'Écriture du désastre* na 1980 kuwa, ki ajiye shi tukuna, gutsattsarin tunani ne da ba sa buɗuwa ga baƙo.

Ɗalibar Adabi:
Na gode ƙwarai. Zan fara da ɗan ƙaramin da Baba ya ambata, domin ban karanta Kafka ba tukuna, kuma ina so in san shi kafin in ga abin da Blanchot ya ce a kansa.