Wai me za mu kira corrupt file da Hausa? Ba dai cin hanci ba

Jama'a ku taimaka min da kalma. Daren jiya ƙanina yana sabunta Ubuntu, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a wata tsohuwar laftof da batirinta ya daɗe da mutuwa, ana tsaka da apt upgrade, umarnin da ke yin sabuntawar, aka ɗauke wuta. Da safe ta kunnu lafiya lau, amma da ya rubuta git status don ya yi aiki da git, manhajar adana tarihin sauye-sauyen fayiloli, sai taminal, allon da ake rubuta umarni, ta ce masa Segmentation fault, wato manhajar ta faɗi, shi ke nan, ba ƙarin bayani. Ya goge git ya sake sawa, haka dai. Shi ne ya kawo min.

Na duba dmesg, inda na'urar ke rubuta rahoton abin da ya faru a cikinta, na ga ba git ɗin ne ke da laifi ba, wani laburare ne da yake jingina da shi, wato fayil ɗin da manhajoji ke aron wasu ayyuka daga cikinsa. Na sa debsums -c, wanda ke gwada lambar MD5 ta kowane fayil, wato lambar shaidar abin da ke cikinsa, da wadda aka zo da ita tun asali, sai ga fayil ɗin ya fito. Yana nan a wurinsa, da sunansa, amma abin da ke ciki ya sauya. apt install --reinstall, wato sake saka laburaren, ya gyara shi, sannan na tashi na'urar daga filash na bi ta da fsck, manhajar duba lafiyar tsarin fayiloli a faifai, don hankalina ya kwanta.

To matsalar ita ce da Baba ya ce "kai me ya same ta ne?" sai na tsaya ina inda-inda. Duk wanda ka ce wa corruption a nan cin hanci da rashawa zai ji, ka ga kuwa laburare bai karɓi na goro ba.

Na fara da lalacewa, amma wannan ta yi faɗi, allon da ya fashe ma lalacewa ce, caja ma haka. Wani ɗan'uwa ya ce ruɓewa. Na so ta, sai dai ruɓewa a hankali take zuwa kamar tumatir a kwando, wannan kuwa cikin ƙiftawar ido ya faru, rabin fayil an rubuta rabi ba a rubuta ba. Ɓacewa kuma sam, ai fayil ɗin bai je ko'ina ba.

Ni dai inda na tsaya gurɓacewa. Gurɓataccen fayil. Ruwan rijiya in ya gurɓata yana nan cike da guga, sai ka kai baki za ka gane, kuma haka git ya yi, ya ɗauko laburaren da gaba gaɗi ya kurɓa ya faɗi.

Wani malaminmu ya ja da ni, ya ce gurɓata za a ɗauka bairos ne ya shiga. Allah ya gafarta Malam, ai wannan kamuwa muke cewa, kwamfuta ta kamu. Gurɓacewa ba sai da mugun hannu ba, ɗaukewar wuta ko faifai mai ciwo ko RAM, ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta, da ta fara ruɗewa duk suna jawo ta, shi ya sa in ta maimaita sai a gwada memtest86+, manhajar duba lafiyar RAM, kafin a zargi kowa.

Saura crash, wato manhaja ta rufe kanta bagatatan ana tsaka da aiki. Sandarewa ta hang ce, wato manhaja ta tsaya cak ba motsi, wannan ba gardama. Ni kifewa nake cewa, manhaja ta kife, amma ƙanina ya nace wai ɗaukewa ta fi, kamar yadda waya ke ɗaukewa. Har yanzu muna kai, waye zai raba mu?