6 pik ɗin da ya faɗi a Yantala

Illa: Salamu alaikum 'yan gurup. Wallahi raina ɓace yake tun jiya, muna birij, wasan karta na mutum huɗu biyu-biyu, a fada nan Yantala, atu (launin da ke cin sauran) pik, maki 33 ke garemu ni da abokin wasana, sai kawai ya jefo 4 sanzatu, kiran da ake ce ma Blackwood, yana tambayar as nawa gare ni alhali ƙananan karta biyu ne na launin ker a hannunsa ba as ba sarki. Na ba shi amsa, ya ga as ɗaya kaɗai ya rage waje, ya haye 6 pik, wato shelem, sai mun ci pili 12 cikin 13 (pili shi ne zagaye guda na karta). Mutanen suka aje as na ker suka bi da sarki, shelem ya mutu tun pili na biyu, 750 na bonis ta tafi. Blackwood da irin wannan hannu caca ne.

Malam Sani: Illa ka ji tsoron Allah, caca kuma? Ba mu taɓa aje ko dala a tabarmar nan ba, kar ka ja mana suna cikin unguwa.

Illa: Malam ba wannan cacar nake nufi ba.

Ɗan Adar: To wace? Caca guda ta a duniya. Mu nan Tahoua in ka ce ma mutum ɗan caca sai an kai ga mai gari.

Hadiza: Ku tsaya, yaya Illa na da gaskiya a lissafi. Maki 40 ne duka a kartar, kuna da 33, saura 7, as 4 sarki 3, ga bakwai ɗin nan cif a launi guda. 4 sanzatu yawan as yake faɗa maka, ba ya faɗa maka wanne. Sai ku fara nuna kontorol, wato inda kuke da abin tare launi kamar as ko sarki, launi bayan launi, in kowa ya tsallake ker kun san ƙofa a buɗe take ku tsaya 4 pik ko 5.

Ɗan Adar: Shi ya sa belot ta fi, karta 32, ba wannan dogon turanci.

Musa: Belot ɗin da kuke yi da ƙifta ido? Ba a Tahoua aka kama wani yana sosa kunne in yana da bale na atu ba?

Ɗan Adar: Kawo shaida. Ku 'yan Yamai komi sai kun raina na daji.

Musa: Kowa ya sani.

Malam Sani: Ni dai a janye kalmar nan. Yarana na cikin gurup ɗin.

Bubakar: Ni ne abokin wasan tunda ba a kira sunana ba. Ba'amurken da ya ƙirƙiro abin, Easley Blackwood, tun shekarun 1930 duniya ke bin sa, Illa ne zai ce masa ɗan caca? Kuma da sun fito da karo na jefar da ker ɗin a kan tirefil, da yanzu ana yaba ni.

Hadiza: "Da sun fito da karo" ai ita ce maganar tasa.

Bubakar: Ke ƙanwarsa ce, mi za ki ce dama.

Illa: Bar Hadiza, kai da har yau ba ka biya jikka ta sukarin shayi ba.

Admin Musa: To ya isa haka. Abin da na fahimta, kowa ya yarda Bubakar bai yi laifi ba, rashin sa'a ne, Illa zai janye kalmar caca, kuma an tabbatar 'yan belot na ƙifta ido. Asabar bayan isha'i, Bubakar ni da kai za mu zauna.