Tarkon da ke ɗana kansa: zai iya da kuregen Ingila kuwa?

Ɗan Zariya: Salamu alaikum jama'a. Kun san ina aiki da masu kula da wani gandun daji a tsakiyar Ingila, kuma babu abin da ke hana mu barci irin kuregen nan mai ruwan toka. To ni dai a wurina magana ta ƙare. Tarkon gas na kamfanin Goodnature, wanda suke kira A18, shi ne maganinsa. A jikin bishiya ake ɗaure shi, a ɗaura masa ɗan gwangwanin gas, a shafa koto a ciki. Kurege ya cusa kai zai lasa, ya taɓa kunamar, ƙarfe ya buge shi a ka, ya faɗo matacce, tarkon kuma ya sake ɗana kansa yana jiran na gaba. Gwangwani ɗaya bugu 18. Da kowane mai daji a ƙasar nan zai saya ya rataya, nan da 'yan shekaru sai dai a ba yara labarin wannan kurege.

Auta: Haba Yaya! Me ya yi muku? Ni kullum in na bi ta lambun unguwarmu sai na tsaya kallonsu, har gyaɗa nake jefa musu. Yanzu an kai ga ƙera injin da zai riƙa fasa musu kai ba dare ba rana?

Malamin Bangor: Wa alaikumus salam. Auta, bari in fara da ke kafin in koma kan yayanki, don shi ma ina da magana da shi.

Wanda kike ba gyaɗa baƙo ne, daga Arewacin Amurka aka kawo shi. A 1876 aka fara sakinsa a Henbury Park da ke Cheshire, daga baya masu manyan gidaje suka yi ta rarraba shi don ado, musamman daga babban gidan Woburn. Yau ana ƙiyasta su kusan miliyan 2.7. Ɗan gida shi ne jan kurege, ya fi ƙanƙanta, kuma ƙiyasin yawansa bai kai 300,000 ba ko a bakin masu kyautata zato, galibinsu a Sikotilan. Baƙon yana riga shi cinye abinci, sannan yana yawo da wata cutar ƙyanda ta kurege wadda shi ba ta cika yi masa komai ba, amma in ta kama jan, cikin kamar mako biyu ya mutu.

Sai ɓarnar itace. Daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar lokacin zafi yana ɓare ɓawon bishiya ya kai ga ruwan da ke ƙarƙashi. Ya fi son bishiyoyin oak da beech da sycamore masu shekara 10 zuwa 40, wato daidai lokacin da mai daji ya gama kashe kuɗi yana jiran riba. In ɓarewar ta zagaye gangar jikin, duk abin da ke sama ya bushe. Rahoton da ƙungiyar Royal Forestry Society ta fitar a 2021 ya ce asarar ta kai fam miliyan 37 a shekara a Ingila da Wales. Don haka Ɗan Zariya ba don mugunta yake yi ba. Inda ya yi kure shi ne cewa tarkon zai ƙarar da su.

Kawu Injiniya: Ni lissafi kawai na yi. Miliyan 2.7 a raba da 18, gwangwani 150,000 ke nan. Shi ma sai in kuregun sun yarda sun yi layi, kuma sun yi alkawarin daina haihuwa har a gama. Sau biyu fa suke haihuwa a shekara in abinci ya wadata. Kuma ɗana, tarko ɗaya ya haura fam ɗari. Nawa za ka rataya a kowace kadada?

Ɗan Zariya: Kawu, ranku ya daɗe, ku lissafa da kuɗin ma'aikaci mana. Tarkon keji, wanda ke kama kurege da rai, dole a duba shi aƙalla sau ɗaya kowace rana. Wa zai biya mutum ya riƙa zagaya daji kullum, cikin ruwa da taɓo, tun daga bazara har kaka? In ya tarar da kurege a ciki kuma dole ya kashe shi da hannunsa. Da can akwai gubar warfarin, wajen 2015 aka daina ba da izinin sa ta a daji. Harbi kuma sai mai bindiga da haƙurin zama. Wannan kuwa sai dai ka leƙa ka sabunta koto, ka canza gas bayan wata shida ko in ya ƙare. An kuma gwada shi kafin hukuma ta sa shi cikin jerin tarkunan da doka ta yarda da su a Ingila a 2018, ba kara zube aka shigo da shi ba.

Hajiyar Leeds: Ni a nan ina bayan Ɗan Zariya, amma ba don kuɗi ba. Ɗaya ya taɓa shigar min rufin ɗaki, ya tattauna wayar lantarki, Allah ne ya kiyaye gobara. Da mai kamawa ya zo na ce ya kai shi daji ya sake, ya ce min Hajiya in na yi haka na karya doka, wanda aka kama ba a sakinsa. To tunda kisan ba makawa, ai an umarce mu in za mu kashe mu kyautata kisa. Kuma duk mun san hadisin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ba. Dabba ta kwana a keji tana dukan ƙarfe da fuska har gari ya waye, da a buge ta sau ɗaya ba ta ma san abin da ya faru ba, wanne ya fi kusa da tausayi? Auta, 'yata, ki duba wannan.

Auta: Na ji, Hajiya. Amma ni ba yadda ake kisan ba ne ya dame ni. Mutane ne suka ɗauko shi daga ƙasarsu don su ƙawata lambunansu, yanzu jikokinsa ne ke biyan bashin.

Malamin Bangor: Gaskiyar Hajiya kan doka, tun dokar namun daji ta 1981 haramun ne a sake shi, aka ƙara tsaurarawa a Disambar 2019. Kuma ba kowane irin kisa aka yarda da shi ba: a 2010 kotu ta hukunta wani mutum a Staffordshire saboda ya nutsar da kurege a ruwa. Wajen saurin kisa ban da ja da tarkon gas.

Ja na biyu ne. Na farko, an taɓa gwada kisa na kowa-ya-yi-ta-kansa a ƙasar nan. Daga 1953 gwamnati ta riƙa biyan sule ɗaya a kan kowace jelar kurege, daga baya ta mai da shi sule biyu. Aka kawo jela sama da miliyan ɗaya. Da aka rufe shirin a 1958 kuregen bai ragu ba, sai ma ƙara yaɗuwa da ya yi. Dalili shi ne in ka share dajinka, ka bar wa na maƙwabta fili da abinci ne kawai. Cikin 'yan makonni zuwa wata uku matasan kuregu sun biyo shinge da bakin rafi sun cike gurbin. Tarkon gas ya rage wahalar ɗanawa, bai toshe wannan hanyar ba.

Na biyu ya fi muni. Tarkon ba shi da ido. Duk abin da ya cusa kai ya taɓa kunama, ya sha bugu. Shi ya sa ba a sa shi inda jan kurege yake. To ka ga ke nan a Cumbria, Northumberland, kudancin Sikotilan, wuraren da ake fafatawa a kan iyaka tsakanin jan da baƙon, wato inda aka fi bukatar taimako, nan ne tarkonka ba ya shiga. A can keji ake sawa, in jan ne ya faɗa a buɗe masa ya tafi.

Ɗan Zariya: A dajinmu babu ja ko ɗaya, Malam. An fi shekara hamsin rabon da a gan shi a yankin. Mu itace muke karewa.

Malamin Bangor: To ai ka sauko ke nan. Da farko ka ce kowane mai daji a ƙasar nan.

Kawu Injiniya: Ya sauko daga miliyan 2.7 zuwa gonar maigidansa. A hankali za mu kai shi gida.

Ɗan Zariya: Kawu ku yi dariya, amma ku amsa min wannan. A Niyu Zilan, inda aka ƙera shi, gwamnati ta sa wa kanta wa'adin shekarar 2050 ta kawar da ɓeraye da sauran dabbobin da aka shigo da su suke cinye tsuntsayensu, kuma irin waɗannan tarkuna na cikin kayan aikinsu. Su ba su san tarkon makaho ba ne?

Malamin Bangor: Sun sani, amma makantar ba ta cutar da su kamar nan. Ƙasar da in ban da jemage ba ta da dabbar tudu mai shayarwa ta asali, kusan duk mai gashi da ya sa kai a tarko baƙo ne da ake nema, tsuntsayensu kawai za su kiyaye. Nan kuwa akwai na gida da doka ke karewa. Ka tuna hayaniyar da masu kare bushiya suka yi a kan ƙanensa A24, na ɓeraye, wanda ake sawa kusa da ƙasa.

Ga misalin da ke gabana kullum, tsibirin Anglesey, tsallaken mashigin Menai daga nan Bangor. A ƙarshen shekarun 1990 jajayen da suka rage ba su wuce 40 ba. Aka shafe shekaru ana bin baƙon da keji, daji bayan daji, har da lambunan gidajen mutane, sai wajen 2013 aka ga bayansa. Yau jajayen sun kai ɗaruruwa. Abin da ya ci nasara ruwa ne da ya kewaye wurin, da haɗin kan masu filaye, da mutanen da ba su gaji ba. Duk da haka har yanzu ana tsaron gadoji biyun, don ɗaya-ɗaya na tsallakowa.

Auta: To in kisa ba ya ƙarar da su, me ya sa ba za a bar su ba?

Malamin Bangor: An gwada bari, a Italiya. A 1948 aka saki 'yan kaɗan kusa da Turin. A 1997, lokacin da ake ganin za a iya gamawa da su, masana suka fara aikin a Racconigi, masu kare haƙƙin dabbobi suka kai su kotu. Kafin a wanke su shekara uku ta wuce, kuregen ya bazu inda ba a iya tare shi kuma.

Akwai dai hanyoyi biyu da za su fi kwanta miki. Ɗaya wata dabba ce ta gida mai farauta a kan bishiya, pine marten, a siffa kamar tunku. Binciken masaniyar dabbobi Emma Sheehy a tsakiyar Ailan, da wanda ta sake yi a Sikotilan, ya nuna inda ta dawo da yawa baƙon kurege na raguwa, jan kuma na farfaɗowa. Ƙungiyar kare namun daji ta Vincent Wildlife Trust ta kwaso 51 daga Sikotilan zuwa tsakiyar Wales tsakanin 2015 da 2017, an kuma saki wasu a Forest of Dean a 2019. Ɗan Zariya, ka lura: duk inda ta iso, tarkonka ya zama abin tsoro, don ita ma tana hawa bishiya tana cusa kai a rami. Ɗaya hanyar maganin hana haihuwa ne da hukumar kula da lafiyar dabbobi da tsirrai, APHA, ke gwaji a kai, a cakuɗa a abinci a sa cikin akwati mai ƙofa mai nauyi wadda baƙon ne ke iya turawa. Har yanzu bai fito kasuwa ba.

Hajiyar Leeds: Ikon Allah. Kurege ma an kai shi tsarin iyali.

Kawu Injiniya: Ni tambayata ta ƙarshe ga ɗana. Ka ce yana faɗowa matacce. Kana ganin mushen?

Ɗan Zariya: Ba kullum ba, Kawu. Yanyawa da hankaki da shaho na riga mu. Amma akwai ɗan na'urar ƙirga bugu da ake maƙala masa, ita ke faɗa mana ya yi aiki.

Kawu Injiniya: Tana faɗa maka ya buga. Ba ta faɗa maka wa ya buga ba.

Malamin Bangor: Kuma ko duk kuregu ne, maigidanka ba jela yake sayarwa ba, katako yake jira. Ka bar ƙirgen bugu, ka shiga cikin beech ɗinku a watan Yuli ka duba sabuwar ɓarewa, ɓangaren da ke da tarko da wanda ba shi da shi. Sannan ka tambayi maƙwabtanku ko suna yin wani abu. In suna da mazuban hatsi na tsuntsayen da ake kiwo don farautarsu, to su ke yi maka kiwon kuregen kyauta.

Ɗan Zariya: Suna da su kam, kuma ba sa ɗana komai. Amma ni ban janye ba, a daji irin namu babu abin da ya kai shi sauƙi. Zan nemi a sa kyamara a gaban biyu daga cikin tarkunan kafin bazara. In ta nuna kurege ne kaɗai ke sa kai, Malam, kai za ka sayi gas ɗin baɗi.

Malamin Bangor: Na yarda, muddin Kawu ne zai kalli hotunan, ba kai ba.